Fijo mai kujeru bakwai: ƙarfinta da iyakarta

Daga Filinge zuwa Yamai akwai kusan kilomita 180. A zamanin kakanni tafiyar kwanaki ce bisa doki ko raƙumi. Yanzu mutum yakan tashi da sassafe, ya bi ta Bonkuku da Baleyara, ya yi sallar azahar a Yamai. Motoci iri-iri sun yi wannan aiki. Amma akwai guda ɗaya wadda kusan duk magidancin ƙasar Kurfai ya taɓa shiga. Sunanta Peugeot 504, mutane kuwa suna ce mata fijo. Darasin yau a kanta yake, musamman doguwar nan mai layin kujeru uku.

Daga ina ta fito?

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ne ya ƙera ta. Ta farko ta fito a shekarar 1968, mai kujeru biyar. A shekarar 1971 aka fitar da doguwar, wadda Faransawa suka yi domin magidanci mai ƴaƴa da yawa. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, cikin Najeriya. Da farko cikin jirgin sama ake kawo sassan motar daga Faransa zuwa Kano, a kai su Kaduna a harhaɗa. A wannan shekara ta 1975 kuma wata 504 ta ci babbar tseren motoci ta ƙasar Kenya, inda ake gudu cikin laka da duwatsu. Sunanta ya ƙara fita.

A Turai an daina ƙera ta a shekarar 1983. A Kaduna kuwa an ci gaba har shekarar 2006. Ke nan yau babu sabuwar 504 a ko'ina. Duk wadda aka gani tana aiki tsohuwa ce. Wannan shi ya sa kuɗinta ya sauka, har mai ƙaramin ƙarfi yana iya tunanin sayenta. A manyan tashoshi motocin Toyota Hiace sun karɓe yawancin aikinta, amma ba a rasa ta ba a hanyoyin ƙauye.

Yadda aka gina ta

Tsawonta mita 4 da santimita 80 ne. Nauyinta, in babu kowa ciki, kusan kilo 1300 ne. Tana da ƙofa biyar: biyu a dama, biyu a hagu, ɗaya babba a baya. Kujerunta layi uku ne, na mutum bakwai har da direba. An ɗaga rufinta ta baya don kada na ƙarshe su sunkuyar da kai. In an naɗe kujerar baya, wuri yakan buɗe na buhuna da tabarmi da kwanuka. In kuwa mutane sun cika kujerun duka, wurin kaya ɗan kaɗan ne ya rage. Nan ne matsalar take farawa, za a zo kanta.

Injin yana gaba, amma tayoyin baya ne suke tura motar. Wannan yana da amfani a ƙasa mai yashi, domin nauyin mutane yana danne tayoyin baya, su kama ƙasa. Cikinta kuma yana da ɗan tsawo daga ƙasa, ba ta yawan bugun dutse ko kututture. A ƙarƙashin bayanta akwai sifirin huɗu, biyu a kowane gefe, alhali ƙananan motoci da yawa ɗaya-ɗaya gare su. Su ne suke shanye gargada, su ne kuma sirrin ɗaukar kayanta.

Akwai mai shan isansi, wato fetur, akwai mai shan gazuwal. Mai gazuwal ba ta da saurin tashi, amma ta fi tsimin mai. Yawancinsu giya huɗu gare su, ban da ta baya. A kwalta mai kyau, lafiyayyar fijo mai isansi tana iya wuce kilomita 140 a awa. Wannan ba abin yabo ba ne a hanyar da shanu da jakuna suke tsallakawa ba sallama.

Kayan cikinta ba su da yawa. Da hannu ake murɗa gilashi. Babu kwamfuta a injinta kamar motocin yanzu. Wasu suna ganin wannan kasawa ce, amma ga mutumin karkara alheri ne. Makaniki mai sufana da filaya yana iya wanke kafireto, ya canja filogi, ya ɗaure bel a gindin itace. Sabuwar mota kuwa in ta tsaya a Shikal ko Tukunus, wani lokaci sai an ja ta har Yamai kafin a san ciwonta.

Abin da ba ta iyawa

Fijo ba motar hawan tudun rairayi ba ce. Tayoyi biyu kaɗai ke tura ta. A yashin dallol mai zurfi takan kafe. Direban da ya san aiki yakan rage iskar taya kaɗan kafin ya shiga yashi, ya sa giya ta biyu, ya tafi ba tsayawa. In ya fito kan hanya mai tauri sai ya mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Saboda haka famfo da shebur ba su rabuwa da motar ƙauye. Da damina kuma, in ƙorama ta kawo, a jira. Ruwan da ya kai gwiwa yana iya shiga inji, mai gudu kuma yana iya tafiya da motar da mutanenta.

Maganar lodi

Mutum bakwai aka yi wa motar. Amma a tasha an saba sa biyu a kujerar gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, ga direba, mutum goma ke nan. Ranar kasuwa ko ranar biki akan wuce haka. Ga yara bisa cinya, ga buhuna bisa rufi, wani lokaci har da akuya.

A yi lissafi. A ce kowane mutum kilo 65 ne. Mutum bakwai kilo 455 ke nan. Mutum goma sha biyu kuwa kilo 780 ne. In an ƙara buhun gero uku masu kilo ɗari-ɗari, an kai kilo 1080. Wato an ɗora wa motar fiye da ninkin nauyin mutanen da aka yi ta dominsu. Za ta tashi, za ta tafi, domin tana da haƙuri. Haƙurin nan shi ke ruɗin mutane.

Ga abin da ke faruwa a ɓoye. Birki an auna shi ne da nauyin da kamfani ya faɗa. In nauyi ya ƙaru, motar tana buƙatar fili mai tsawo kafin ta tsaya. Gudu ya fi ma nauyi muni: in an ninka gudu sau biyu, filin tsayawa yakan ninku kusan sau huɗu. Yaron da ya tsallaka hanya a bakin kasuwar Baleyara ba ya jiran wannan fili. Na biyu, kayan da aka tara bisa rufi suna sa motar ta yi nauyin kai. A kwana, ko in direba ya kauce wa rami da sauri, sai ta kife. Na uku, in baya ya nutse, gaba yakan ɗaga. Tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu kuma su haska sama su makantar da mai zuwa. Ga taya, wadda da ma tsohuwa ce, tana ɗauke da wannan nauyi bisa kwalta mai zafi a watan Afrilu.

Direba yakan ce kuɗin mai ne ya sa. Gaskiya ne mai yana da tsada. Amma kuɗin fasinja biyu na ƙari ba su sayen sifirin ɗaya da ya karye, balle su biya ran mutum. Fasinja ma yana da laifi, shi da ke roƙon a matsa masa wuri don kada ya jira mota ta gaba. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, cikin mota. Tabarma da katifa da sauran marasa nauyi su ne na bisa rufi.

Wanda yake son saye

Mota irin wannan tana da amfani ga babban gida. Ita ce mai kai mace mai naƙuda asibitin Filinge da tsakar dare. Ita ce mai kai iyali suna ko gaisuwar mutuwa, ta kai wake kasuwa. Wasu ƴan uwa sukan haɗa kuɗi su saya tare. In za a yi haka, a rubuta tun farko wanda zai riƙe ta, da yadda za a raba kuɗin gyara. Wanda ya koyi rubutu a cibiya, ga inda zai more shi.

Kada sabon fenti ya ruɗi mai saye. Ya tafi da makanikin da ya yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. A leƙa ƙarƙashin motar a ga ko tsatsa ta ci ƙarfen, ko an yi masa walda. A tada injin da safe yana sanyi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce injin yana cin baƙin mai. A duba lagireto ko yana yoyo, domin zafin ƙasar nan ba ya ragawa injin da ba shi da ruwa. A gwada birki a fili. A tambayi kuma inda ake samun kayan gyara, domin tun da aka daina ƙera motar, na jabu sun yi yawa a kasuwa.

Sai takardu. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar dole ta zama daidai da wadda ke cikin takardarta, wadda ake ce wa kart giris. A karanta lambar ɗaya bayan ɗaya. Motar da lambobinta suka saɓa tana iya zama ta sata. Ana kuma buƙatar takardar inshora, da ta binciken lafiyar mota, da lasin na direba. Jandarma za su tambaye su a hanya.

Kowace safiya, kafin a tada inji, a duba ruwa, da baƙin mai, da man birki, da iskar taya har da ta ajiya. Matatar iska kuma a riƙa kakkaɓe ta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi.

Aikin lissafi

A ce wata fijo tana shan lita 12 a kowane kilomita 100. Lita nawa za ta sha daga Filinge zuwa Yamai, kilomita 180? Lita nawa zuwa da dawowa? A tambayo kuɗin lita ɗaya a gidan mai, a lissafa kuɗin man tafiyar duka, sannan a raba shi tsakanin fasinja shida. Kowa ya kawo amsarsa cibiya a darasi mai zuwa.