Kimiyya a Bakin Ruwa: Ina Ya Kamata a Ɗaura wa Kwale-kwale Igiya?

Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Roni ko Kazaure ba baƙon kwale-kwale ba ne. Ya gan shi a madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba da ke Kazaure, ko kuwa a maƙetara idan damina ta yi nisa rafuka suka kawo. Galibi mutane tsakiyar ruwa suke tsoro, alhali kuwa akwai wani lokaci mai haɗari da ba a cika lura da shi ba, wato sa'ad da jirgi ya jingina da gaɓa mai tsayi ko dutse, fasinja ya ɗaga ƙafa zai sauka. Nan take sai jirgin ya goce, rata ta buɗe, tsohuwa da ƙwaryarta ko yaro da allonsa su faɗa tsakani. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, da yadda wurin da aka ɗaura igiya yake magance shi.

Abin da ke sa jirgi gocewa

A shekarar 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai da wancan, amma ta fuskar da ke kishiyarta. Mai sauka yana tura jirgi baya da ƙafarsa domin jikinsa ya yi gaba. A tudu ƙasa ba ta motsi, amma jirgi a kan ruwa yake, babu abin da ke riƙe da shi sai igiya.

To, amma ba ko'ina aka ɗaura igiyar take amfani ba. Jirgi yana juyawa ne a kan wata cibiya da ke kusa da tsakiyarsa. Ƙarfin juya shi kuwa ana samunsa ne idan aka ninka ƙarfin ja da nisan wurin da aka ja daga cibiyar. Alal misali, kwale-kwale mai tsawon mita 6, goshinsa yana nesa da cibiya da mita 3. Idan aka ja goshin zuwa gaɓa da ƙarfin niyuton 200, ƙarfin juyawa zai zama 200 sau 3, wato 600. Saboda haka goshi zai matso, baya kuma ya fita cikin ruwa. Idan kuwa a tsakiya aka ja, nisan ya zama sifiri, ƙarfin juyawa ma sifiri ne, sai jirgin ya matso gaba ɗayansa, ya kwanta a jikin gaɓa.

Maɗaurin tsakiya

Matuƙan ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska a Turai da Amurka suna amfani da wannan ƙa'ida. Sukan kafa wani ƙarfe mai ƙaho biyu, kamar na sa, a gefen jirgi daidai wurin da ya fi faɗi. Idan jirgi na shigowa tasha a hankali, sai a zarga igiya daga wannan maɗauri zuwa turken da jirgin ya riga ya wuce. Da igiyar ta miƙe, sai ta tsayar da jirgin, ta kuma jawo shi jikin gaɓa. Da haka mutum ɗaya yake yin aikin mutum biyu.

Kwale-kwalen katako ma zai iya samun irinsa, ko na ƙarfe daga maƙera, ko na itace mai tauri kamar maɗaci. Sharaɗin shi ne kada a kafa shi da ƙusa, domin ja zai tumɓuke ta. A huda katakon, a zura ƙusa mai noti, a sa faifan ƙarfe ko wani katako ta ciki domin nauyin ya bazu. Sannan a shafe ramin da kwalta, saboda danshi ne ke ba ƙwayoyin fumfuna damar cin itace har ya ruɓe.

Asirin naɗa igiya

Makiyayi ya san cewa idan ya naɗa igiyar sa a jikin bishiya, yaro ma zai iya riƙe ta. Masanin lissafi Leonhard Euler ya yi bayanin wannan a ƙarni na 18: gogayyar igiya da turke ba ƙaruwa take da kowane naɗi ba, ninkuwa take. A kan turken itace mai matsakaicin kaushi, naɗi ɗaya na iya ninka ƙarfin mai riƙo kusan sau 6, naɗi biyu kusan sau 40, naɗi uku fiye da sau 250. Shi ya sa ake fara kewaya gindin maɗauri da igiya, sannan a gitta ta a kan ƙahonin kamar lamba 8. Kada a taɓa naɗa ta a hannu, domin takan yanke yatsu.

Irin igiyar ma abin dubawa ne. Ta rama zaren tsiro ce, tana kama turke da kyau, amma tana ruɓewa idan aka ajiye ta a jiƙe. Ta nailan tana da ƙarfi, tana kuma miƙewa ta shanye fizga, sai dai ta fi santsi, don haka tana bukatar ƙarin naɗi.

Gargaɗi

Igiyar tsakiya ta ɗan lokaci ce, domin lodi da sauke fasinja. Idan jirgi zai kwana, a ɗaure goshi da baya. A rafi mai gudu kuma, a fara fuskantar da goshi inda ruwa ke fitowa a ɗaure shi, domin jirgin da ya ba igiyar ruwa gefensa yana iya kifewa. Bugu da ƙari, babu ɗaurin da ke maganin lodi fiye da kima. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da aka cika maƙil ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Gwaji a aji

Malami ya cika daro da ruwa, ya ɗora guntun katako mai tsawon kamu ɗaya. Ɗalibai su ɗaura zare a ƙarshensa su ja ta gefe, sannan su mayar da zaren tsakiya su sake ja, su rubuta abin da suka gani.

Tambayoyi

1. Me ya sa jirgi ke ja da baya idan mutum zai sauka?
2. Kwale-kwale mai tsawon mita 8, an ja goshinsa zuwa gaɓa da niyuton 150. Nawa ne ƙarfin juyawa?
3. A wane hali ne ɗaurin tsakiya kaɗai yake zama haɗari?