Yadda Umarnin Baki Ke Ƙulla Aiki da Sakamakonsa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Sai dai binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa sau da yawa ji ne ke yi wa gani jagora, musamman wajen gane cewa aiki kaza shi ke haifar da sakamako kaza.

Koyo ta Hanyar Gwaji

A shekarar 1898, Edward Thorndike na ƙasar Amurka ya bayyana gwajin da ya yi da kyanwoyi. Yakan kulle kyanwa mai jin yunwa cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Tana ta fafutuka har ta taɓa sakata bisa dace, ƙofa ta buɗe. Da aka yi ta maimaitawa, sai lokacin fitarta ya riƙa raguwa. Irin wannan koyo ya fi kankama idan sakamako ya biyo bayan aiki nan take.

Misali Daga Likoro

Manomin masara a Likoro, cikin Ƙaramar Hukumar Kudan, ba shi da wannan sauƙin. Takin yuriya na ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100. Idan aka watsa shi a saman ƙasa mai ɗumi da laima, wani kaso yakan rikiɗe ya zama iskar amoniya, ya salwanta. Ido ba ya ganin wannan asara, kuma illarta ba ta bayyana sai bayan makonni. Kafin nan ruwan sama da ciyawa da ƙwari duk sun taɓa gonar, don haka da wuya manomi ya gano ainihin dalilin ramewar shukarsa. Amma da zarar malamin gona ya ce masa, "Tona ɗan rami kusa da shuka, ka zuba, ka rufe, don kada ƙarfin takin ya bi iska," to jimla ɗaya ta ƙulla abin da damina da yawa ba lalle su koyar ba.

Ƙarfin Magana da Haɗarinta

Wannan baiwa girma take yi tare da yaro. A shekarun 1950, Alexander Luria na Rasha ya ba yara ƙwallon roba, ya umarce su da su matsa idan fitila mai wani launi ta kama, su dakata idan wata ce. 'Yan shekara biyu zuwa uku sukan matsa ko wace ta kama. Sai wajen shekara huɗu zuwa biyar ma'anar umarnin ke iya riƙe hannun yaro.

Haɗarin kuwa ya fito a gwajin Mark Galizio na 1979. Ɗaliban da aka gaya wa yadda za su sarrafa wata na'ura don kauce wa asarar kuɗi sun ci gaba da bin umarnin bayan ya daina dacewa, muddin bin sa bai jawo musu asara ba. Sai da suka ɗanɗana asarar suka sake hali. Ke nan umarni na iya hana mutum lura da cewa yanayi ya sauya.

Darasi ga Malamai

Maganin wannan shi ne a haɗa ji da gani. Shirin Sasakawa Global 2000, wanda ya shigo Nijeriya a 1992, ya dogara ne ga gonakin gwaji da manoma ke nomawa da hannunsu, maƙwabta na kallo. Haka ya kamata malamin kimiyya ya yi a aji: ya faɗi aikin, ya faɗi sakamakon da ake tsammani da dalilinsa, sannan ya bar ɗalibi ya gwada. Wanda aka ba umarni tare da dalili shi ke iya gane ranar da umarnin ya daina aiki.

Tambayoyi

1. Me ya sa manomi ba ya saurin gano asarar yuriya da kansa?
2. Kawo umarni ɗaya da ake bi a gida ko a gona, ka tsara yadda za a gwada ingancinsa.