Darasi na 14: Biskit ɗin Masara na Mutanen Italiya

Yau za mu karanta labarin masara a wata ƙasa mai nisa. Sunan ƙasar Italiya, tana cikin Turai.

Asalin masara daga Amurka ne. Turawa ba su san ta ba sai bayan da Kolombus ya isa can a 1492. Daga baya manoman arewacin Italiya suka shiga shuka ta. Suna tuƙa garinta kamar tuwonmu, suna kiransa polenta.

A lardin Piyamonte, wanda babban birninsa Turin, ana yin wani biskit da ita. Sunansa paste di meliga. Meliga ita ce masara da bakin mutanen wurin. An ce alkama ce ta yi tsada, sai masu gashi suka riƙa haɗa garinta da na masara.

Ga abin da suke haɗawa:

Fulawa, kofi 2.
Garin masara mai laushi, kofi 1.
Man shanu wanda ba a soya ba, kofi 1.
Sukari, rabin kofi.
Ƙwai, guda 2.
Gishiri kaɗan, da ɓawon lemun tsami da aka kankare.

Da fari a tankaɗe garin masara da kyau, don kada a ji tsaki a baki. A zuba man shanu da sukari a akushi, a buga da cokali sai sun yi laushi. A fasa ƙwai a ciki, a juya. Sa'an nan a zuba fulawa da garin masara da gishiri da ɓawon lemo. A cuɗa kaɗan kawai. In an cuɗa da yawa, biskit zai yi tauri.

Mutanen Piyamonte suna zuba kwaɓin a wata 'yar jaka mai baki, su matso shi kamar zobe. Wanda ba shi da jaka sai ya mulmula da hannu, ya lanƙwasa. A jera a faranti, a bar fili tsakani. A sa a tanderu mai zafin digiri 180, kamar minti 15. In gefe ya fara yin ja, a fitar. Kada a taɓa sai ya huce, gama da zafi yakan farfashe. A ajiye a gwangwani mai murfi.

Mu lura da lambobin nan. Wanda ya karanta 2 a wurin 1, ya yi asarar mai da ƙwai, kuma ga su da tsada. Kofin da aka auna fulawa da shi, da shi za a auna sauran. Wanda ya iya karatu da awo, ba ya ɓarnar dukiyarsa.

Tambayoyi
1. Daga ina masara ta je Italiya?
2. Mene ne meliga?
3. Kofi nawa ne na gari duka?
4. Don me ba a cuɗa kwaɓin da yawa?

Kowa ya rubuta kalmomin nan a allonsa: masara, kofi, awo, tanderu.