Amsoshin Tambayoyinku: Lissafi da Ruwan Goronyo

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen lissafi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Burina in zama malamin jami'a mai binciken rayuwar jama'a da kwamfuta. Baba, manomin albasa a Wurno, ya ce bai ga inda karatun zai kai ni ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, fara daga gonar Baban. Tambaye shi ko madatsar Goronyo, da aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984, ta ƙara wa manoma arziki. Wataƙila ya nuna maka masu noman rani, buhunan albasa da tafarnuwa jibge a bakin hanya suna jiran mota. Sai dai fadamar nan mai albarka ce tun kafin a datse ruwan. To, nawa ne rabon madatsa, nawa ne na fadama? Raba wannan gardama shi ne sana'ar da kake nema.

An taɓa yin irinta a Indiya. A 2007 masu bincike Esther Duflo da Rohini Pande sun lura cewa gangaren kogi na cikin abin da ke sa a gina madatsa a wuri, kuma gangare ba ruwansa da talaucin mazauna. Da shi suka auna tasirin madatsun. Sai ga shi gundumomin da ruwan ke gangara musu amfanin gonarsu ya ƙaru, inda aka gina madatsar kuwa talauci ne ya ƙaru. A ganina ɗalibin Wurno ya fi su sanin inda zai duba a nan.

Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008. Sauke na watan Fabrairu, shekara bi shekara, ka kwatanta koren ƙauyukan Goronyo, Wurno da Rabah da ruwan ke isa da waɗanda ba ya isa, kafin ambaliyar 2010 da bayanta.

Ka ƙware a ƙididdiga, ka koyi R ko Python, sannan digiri na biyu da na uku. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin karatun malaman da suka riga suka kama aiki. Albashin fa ba yabo ba fallasa, kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata 8 ya ci. Ka gaya wa Baba wannan ma, kada ya ji a bakin wani.