Shawarwari Ga Gidan Da Yaro Ke Koyon Python A Kan Raspberry Pi

Raspberry Pi kwamfuta ce da ba ta wuce tafin hannu ba, an fara sayar da ita a Ingila a 2012 don yara su koyi rubuta manhaja. Idan ta shigo gida a Dutsi, ko da ta hannun ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura ne, abin da ya fi saurin rikita ta shi ne sa ƙunshin manhaja da cire shi barkatai.

1. A fara da wuta. Komai na kwamfutar a kan ƙaramin katin ajiya yake, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakar saukar da ƙunshi, katin na iya lalacewa. A jona ta da batirin sola ko na cajin waya. Pi 4 tana son volt 5, amfa 3. In aikin saukar da ƙunshi ya katse, a gwada sudo dpkg --configure -a.

2. A rubuta sudo apt update tukuna, sannan misali sudo apt install python3-numpy. Idan ƙunshin zai jawo wasu, apt, manhajar sa ƙunshi da cire shi, yakan nuna girmansu kafin ya sauke. Mai sayen data da guminsa ya duba.

3. Wannan ce ta fi muhimmanci. Tun Oktoba 2023, da Raspberry Pi OS ya koma kan Debian Bookworm, pip, mai saukar da ƙunshin Python, ya daina yarda ya zuba ƙunshi kai tsaye cikin Python ɗin da kwamfutar kanta ke aiki da shi. Yara da yawa sukan ɗauka matsala ce, su nemi hanyar tilasta masa. Kada a yi haka. Kariya ce, domin ƙunshin pip na iya danne wanda apt ya sa, wata manhajar ta daina buɗewa. A ware wa kowane aiki wurinsa da python3 -m venv aikina, a shiga da source aikina/bin/activate, sannan a saukar da duk abin da ake so. Idan ya dagule, a goge jakar aikina, shi ke nan.

4. Kada a kuskura a cire python3 kansa. Manhajoji da dama sun dogara da shi.

5. apt remove yakan bar saituttuka, apt purge kuwa ya share har da su. Kafin a amince wa apt autoremove, mai kwashe ƙunshin da ya ɗauka ba a buƙatarsu, a karanta jerin abin da zai kwashe, layi-layi. Shi pip uninstall ƙunshin da aka ambata kaɗai yake cirewa.

6. Iyaye, ku saya wa yaro kati na biyu, ya kwafe na farko da SD Card Copier tun komai na lafiya, sannan ku bar shi ya yi ta gwaji.