Darasi A Kan Sirrin Mai Saye A Cinikin Waya

Ya kai ɗan'uwa matashi, Allah Ya yi maka albarka, ka sani cewa a kasuwar Yelwa mutum yakan taya kifin banda, ya biya, ya yi tafiyarsa, mai kifi bai san ko sunansa ba. Cinikin waya ba haka yake ba. Wanda ke zaune a Legas ko Anaca ya sayi buhun albasa a wurinka, sai ya ba ka sunansa, da lambar wayarsa, da inda za a sauke kaya, sa'an nan ya turo maka hoton rasit mai ɗauke da sunan bankinsa. Kuɗin naka ne, halaliyarka. Amma waɗannan bayanai ajiya ce aka ba ka, watau amana.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutanen Wara da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, har masunta, suka shiga tura kuɗi ta waya, da yawansu a kan dole. To, me ya sa har yau dattijo ya gwammace ya shiga jirgin ruwa ya je kasuwa da kansa? Kada ka ce ƙauyanci ne. Ya ji labarin wanda aka buga wa waya, aka ambaci cikakken sunansa da kayan da ya saya jiya, aka ce daga banki ne, ya karanto lambar da ta shigo masa. Da ya ji an san shi, sai ya saki jiki, aka yashe asusunsa. Tsoron dattijon nan yana da dalili: a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet masu sayar da bayanan NIN da BVN na jama'a a kan naira 100 kacal. Gwamnati ta yi dokar kare bayanan mutane a Yunin 2023, da hukumarta NDPC, amma hukuma ba ta leƙa cikin wayarka.

Saboda haka in kai ne mai sayarwa, kada ka liƙa rasit ɗin mutum a WhatsApp don a ga kana ciniki. Kada ka jefa lambarsa cikin wani zaure ba da izninsa ba. Abin da ya fi muni kuwa, kuma ya yi yawa a cikin samari, shi ne mace ta sayi atamfa, da dare kuma ka kira ta da zance, ko ka miƙa wa abokinka lambarta. Wallahi wannan ha'inci ne. Mijinta ko ubanta ya ji, gidan nan ba ya ƙara sayen komi ta waya, a wurinka ko a wurin waninka.

In kai ne mai saye, mai kaya na gaskiya ba ya bukatar BVN ɗinka, balle lambar sirrin katinka. Suna da lambar waya da tashar da za a sauke kaya sun ishe shi. In ya nemi fiye da haka, ka ce masa sai kaya sun iso tashar Yauri za ka biya.