Kwangilar jinyar masu shaye-shaye: darasi daga ƙananan hukumomin Ingila

 Duk wanda ya zauna a ajin mulkin ƙananan hukumomi ya san tambayar nan da malamai ke son jefowa a jarrabawa: shin gara hukuma ta yi aiki da hannunta, ko ta ba da shi kwangila? Yawancinmu misalin titi, kwalbati da kwashe shara muke kawowa. Ni kuwa yau zan ɗauko misalin da ba a cika kawowa ba, wato jinyar masu shaye-shaye a Ingila, domin a can ƙananan hukumomi ne ke biyan kuɗin wannan aiki, wasu kuma daban ke yin sa. Idan aka yi algus a kwangilar titi, rami za ka gani. A wannan kwangilar kuwa, algus ɗin gawa yake haifarwa.

Yadda kuɗin ke tafiya

A shekarar 2012 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta sake fasalin harkar lafiya a Ingila. Daga watan Afrilun 2013 aka ɗauke kula da lafiyar al'umma daga hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, aka miƙa wa manyan ƙananan hukumomi, kimanin 150. Cikin kayan da aka ɗora masu har da jinyar masu shan ƙwaya da barasa. A wannan shekarar ce kuma aka rushe hukumar ƙasa da a da take sa ido kan jinyar masu shaye-shaye kaɗai, aka zuba ayyukanta cikin wata sabuwar hukuma mai faɗi.

Ga yadda tsarin yake a taƙaice. Gwamnatin tsakiya tana aika wa kowace ƙaramar hukuma tallafin lafiyar al'umma duk shekara. An killace kuɗin, ba a yarda a gina titi da shi ba. Amma a shekarun farko na tsarin, a cikin killacen ƙaramar hukuma ce ke yanka wa kowane fanni rabonsa: ga asibitocin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, ga ma'aikatan da ke duba jarirai gida-gida, ga masu taimaka wa mutane barin taba, ga kuma masu shaye-shaye. Kowa yana miƙo hannu cikin kwano ɗaya.

Daraktan lafiyar al'umma na yankin da ma'aikatansa su ne ke auna buƙata, su rubuta abin da suke so a yi, sannan a tallata kwangilar. Masu nema galibi ƙungiyoyin agaji ne manya irin su Change Grow Live da Turning Point da We Are With You, sai kuma wasu rassan NHS ɗin kanta. Wanda ya ci, shi zai buɗe cibiya, ya ɗauki likitoci da nas-nas da masu ba da shawara. Shi zai riƙa ba masu jarabar hirowin magani irin su metadon a madadin ƙwayar titi, ya raba allurai masu tsabta don kauce wa cutar ƙanjamau da ciwon hanta, ya raba naloksan, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta kusa tsayar wa da numfashi. Shi kuma mara lafiya ba ya biyan kuɗin ganin likita.

A takarda tsarin ya yi kyau. Ƙaramar hukuma ta fi gwamnatin Landan sanin unguwanninta, kuma ita ce ke riƙe da harkar gidaje da walwalar jama'a, abubuwan da mai barin ƙwaya yake matuƙar buƙata. Su kuma ƙungiyoyin agaji sun iya jawo mutanen da ke gudun ofishin gwamnati. To ina gizo ke saƙa?

Wurare uku da tsarin ya yi rauni

Na farko, kuɗi. A 2015 gwamnati ta zabtare fam miliyan 200 daga tallafin lafiyar al'umma ana tsakiyar shekarar kasafi, aka kuma ci gaba da rage shi a shekarun da suka biyo. Ka sa kanka a matsayin kansila. Dole a yanke wani wuri. Iyayen jarirai za su yi magana, 'yan jarida za su ɗauka. Mai shan hirowin fa, wa zai fito zanga-zanga dominsa? Saboda haka wuƙar ta fi sauka kan wanda ba shi da murya. Idan aka zo tallata kwangila da kuɗi kaɗan, mai neman ci sai ya rage farashi, kuma hanyar rage farashi sananna ce: a sallami ƙwararru masu tsada, a ɗauki masu araha, a lafta wa kowane ma'aikaci marasa lafiya fiye da ƙarfinsa. Tura mutum gidan jinya na kwana, wanda ya fi komai tsada, sai ya zama abin da ake yi jefi-jefi.

Na biyu, gajeren wa'adi. Wurare da dama sukan sake tallata kwangilar bayan 'yan shekaru kaɗan. Duk lokacin da aka canza hannu, ma'aikata na cikin zullumi, wasu su kama gabansu, a canza gini, a canza tsarin ajiye bayanai. Shi kuwa mai jarabar ƙwaya, abin da ke riƙe da shi sau da yawa mutum ɗaya ne da ya yarda da shi, wanda ya san tarihinsa. Ran da ya zo ya tarar da baƙuwar fuska, yana iya juyawa bai ƙara dawowa ba. A 2017 kwamitin masanan da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi a kan wannan yawan canjin. A wannan shekarar ce ma wata babbar ƙungiyar agaji mai suna Lifeline Project, da ke da hedikwata a Mancesta, ta durƙushe, aka shiga rububin miƙa cibiyoyinta ga wasu. Ka ga ke nan ɗan kwangila na iya faɗuwa, amma marasa lafiyar suna nan, kuma wuyan hukuma suke.

Na uku, kuma shi na fi so mu tsaya a kai, ma'aunin nasara. Ɗaya daga cikin manyan alƙaluman da ake auna ƙananan hukumomi da su shi ne yawan waɗanda suka kammala jinya ba su dawo ba cikin wata shida. Da jin sa ka ce madalla. Amma mu ɗan yi lissafi irin na aji. A ce mutum biyu sun zo cibiya. Na farko matashi ne mai shan wiwi, yana da aiki, yana da iyali a bayansa, wata uku sun ishe shi. Na biyu ya shekara ashirin yana allurar hirowin, ba shi da wurin kwana, ga taɓin hankali. Wannan zai iya shekaru a kan metadon, kuma zamansa a kan maganin shi ne ke tsare ransa. Idan kwangila ta fi yaba wa wanda ya sallami mutane da yawa, wanne ɗan kwangila zai fi maraba da shi? Kuma wa za a matsa wa ya bar magani da wuri? Ga haɗarin: wanda ya daina hirowin na ɗan lokaci, jikinsa yana rage juriya. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, yana iya mutuwa nan take. A littafin hukuma an rubuta shi cikin waɗanda suka kammala, bai kuwa dawo ba. Tun 2012 an gwada biyan 'yan kwangila gwargwadon sakamako a yankuna takwas, binciken da aka yi daga baya kuma bai nuna tsarin ya kawo ci gaban da aka yi fata ba.

Abin da ya biyo baya

A 2012 an yi rajistar mutuwar mutum 2,597 sakamakon gubar ƙwayoyi a Ingila da Wales. A 2021 adadin ya kai 4,859, a 2023 kuma 5,448. Adalci shi ne a ce ba kwangila kaɗai ta jawo haka ba. Masu shan hirowin tun shekarun 1980 da 1990 sun manyanta, jikinsu ya raunana, hodar iblis kuma ta yawaita. Amma lokacin da ake buƙatar ƙarfafa jinya, lokacin ne aka rage mata ƙarfi.

Gwamnati ta ɗora wa Farfesa Carol Black aikin bincike, ta fitar da rahoto kashi biyu, a 2020 da 2021. Ta nuna cewa tsarin ya lalace, ƙwararru sun ragu, kuma duk fam ɗaya da aka kashe kan jinya yana tsimin kimanin fam huɗu a asibiti, kurkuku da aikin 'yan sanda. Ta nemi a ƙara kuɗi, a tabbatar ba a karkatar da su ba, a tsawaita wa'adin kwangila zuwa aƙalla shekara biyar. A Disambar 2021 gwamnati ta fito da shirin shekara goma, ta ware fam miliyan 780 na shekara uku domin jinya da farfaɗowa. Lura da kyau, ba a ƙwace aikin daga ƙananan hukumomi ba, ba a kuma soke kwangila ba. Sharuɗɗa aka gyara, aka ƙara sa ido.

Me ya shafe mu?

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 ne ke amfani da ƙwayoyi a Najeriya a lokacin da aka yi binciken. Kodin da tiramol ba baƙin suna ba ne a kunnen kowane ɗalibi. Wuraren jinya na gwamnati kuwa, irin su asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri, sun yi kaɗan. Mun kuma ga abin da ke cike giɓin idan babu mai sa ido: a Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Duk ranar da wata ƙaramar hukuma ta yi niyyar taɓa wannan matsala, da wuya ta iya gina asibiti ta zuba likitocin ƙwaƙwalwa. Wata ƙungiya ko asibiti mai zaman kansa za ta nema. Masu rubuta takardar kwangilar kuwa irinmu ne, 'yan sashen mulki da akanta da sayen kayayyaki.

Saboda haka ga tambayoyin da nake ganin ya kamata mu riƙe, a jarrabawa da kuma a ofis. An keɓe kuɗin jinyar shi kaɗai, ko yana cikin kwanon da kowa ke ɗiba? Wa'adin ya kai a gina amana tsakanin ma'aikaci da mara lafiya? Wajen zaɓen ɗan kwangila, maki nawa aka ba inganci, nawa aka ba araha? Me ake ƙirgawa a matsayin nasara: yawan waɗanda aka sallama, ko yawan waɗanda ke raye, suna kan magani, sun koma makaranta ko sana'a? Wa ke da ikon shiga cibiyar ba tare da sanarwa ba? In ɗan kwangila ya faɗi gobe, wa zai ba marasa lafiya maganin jibi?

Hukuma tana iya ba da aiki kwangila, amma alhakin yana nan a kanta. Wanda duk zai sa hannu a irin wannan takarda, ya fara amsa tambayoyin nan shida. Allah ya shirya mana 'yan uwanmu da suka faɗa wannan jaraba, ya ba mu sa'ar jarrabawa.